Sankarar maƙoshi da jinyar uwargida: wasiƙa daga Gadarif

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Ni Bahaushe ne haifaffen Sudan. Kakanninmu suna cikin jama'ar da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno, bakin kogi kusa da Sinnar. Noman dawa da riɗi ne ya kawo mahaifina Gadarif, a nan aka haife ni, a nan kuma nake sana'ar agashe, tsiren nan da Hausawa suka kawo ƙasar har ya zama abincin kowa. Jaridarku a waya nake karanta ta, duk ranar da intanet ya yarda.

Shafinku na lafiya yana yawan magana a kan sankarar mama da ta bakin mahaifa, kuma Allah ya saka da alheri. Akwai wata da nake so ku sa a gaba, sankarar maƙoshi, wadda ke kama bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki. Uwargidana tana fama da ita tun 2023, ni ne kuma mai jinyarta. Ba likita ba ne ni. Abin da na gani da idona, da abin da likitoci suka faɗa mini, shi zan rubuta.

Cutar nan da loma take farawa. Mutum ya haɗiyi nama ko gurasa, sai ya ji ta tsaya masa a tsakiyar ƙirji, sai ya kora da ruwa ta wuce. Bayan wani lokaci kisra ma, siririyar wainar dawar nan tamu, ta fara tsayawa, sannan tuwo, sannan kunu mai kauri, a ƙarshe ruwa da yawun bakinsa. Ba a rana ɗaya ba, a hankali cikin watanni. To ku dubi yadda muke cin abinci a gidajenmu. Maza a waje kan tabarma da maƙwabta, mata a cikin gida, su ma sai bayan sun gama sallamar kowa. Mace tana iya shafe watanni tana dabara ba wanda ya sani: ta ƙara miya, ta ƙanƙanta loma, ta ajiye kofin ruwa kusa da gwiwarta, ta tashi da wuri ta ce ta ƙoshi. Ga lafaya kuma tana rufe rama. A gidanmu babbar 'yarmu ce ta lura cewa uwarta kan bar faranti ta zagaya bayan ɗaki, ta dawo idonta ya yi ja. Da aka tambaye ta sai ta ce ƙwannafi ne, ba komai.

Muka je wani ƙaramin asibiti. Aka ce gyambon ciki ne, aka ba da magani. Aka koma, aka ce jarsuma ce, ƙwayar cutar cikin nan da a Sudan kusan duk mai ciwon ciki ake liƙa masa ita, aka ba da wani maganin. Ta shanye shi da ƙyar, domin ƙwayoyin maganin su kansu tsayawa suke yi. Ba wanda ya tambaye ta ko lomar tana wucewa. Alhali awarwaron da ya shekara da shekaru yana zaune daram a hannunta ya fara zamewa yana kaiwa gwiwar hannu in ta ɗaga shi.

Ana cikin haka azumi ya kama, a cikin azumin kuma, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Babban asibitin masu sankara na ƙasar, wanda kowa ke cewa asibitin Zarra, yana can, an buɗe shi tun 1967, hanyarsa ta rufe. Amma ikon Allah, yaƙin da ya rufe mana Khartum shi ya koro manyan likitoci zuwa garuruwan Wad Madani da Gadarif da Kasala. Ɗaya daga cikinsu muka samu. Bai gama sauraron labarin ba ya ce a yi mata minzar, wato siririyar roba mai kyamara da fitila a baki, wadda ake zurawa ta maƙogwaro a leƙa ciki. An hana ta ci da sha tun dare, aka fesa mata maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya gutsuro ɗan nama daga wurin aka kai ɗakin gwaji.

Da sakamako ya fito, ni ya kira gefe, kamar yadda aka saba a nan: a gaya wa dangi, a ɓoye wa mai ciwon. 'Yan'uwanta ma haka suka so, wai kada zuciyarta ta karye. Ni ban yarda da wannan al'ada ba, kuma har gobe ban yarda ba. Matar da ta haifi 'ya'ya ta yaye, ta binne mahaifinta, ta ga yunwa ta ga yaƙi, ita ce za a ce ba za ta iya jin sunan ciwon da ke jikinta ba? Kuma yaya za a huda mata ciki, a kwantar da ita ƙarƙashin na'ura kullum, ana ce mata gyambo ne? Tun a hanyar gida ma ta riga ni. Ta ce, "Malam, fuskarka ta riga ta gaya mini. Saura bakinka." Na gaya mata. Ta yi salati, ta yi shiru, can ta tambaye ni ko ana ɗauka, saboda yara. Na ce likita ya ce ba a ɗauka, ko a kwano ɗaya aka ci.

Likitan ya zana mana hoto a bayan takarda. Bututun nan tsawonsa kamar santimita 25 ne, kuma yana miƙewa yana buɗewa, shi ya sa ƙari ke samun damar girma a ɓoye. Ya ce abin kamar magudanar ruwa ce a gonakin noman rani na Jazira: laka na taruwa a gefe a gefe, ruwa na wucewa, manomi bai san komai ba, sai ranar da ya ga gonarsa ta bushe. Kafin mutum ya ji loma na tsayawa, galibi fiye da rabin hanyar ya riga ya toshe. Cutar iri biyu ce. Ɗaya tana fitowa can ƙasa kusa da bakin ciki, ta fi kama masu ƙiba da masu daɗaɗɗen ƙwannafi, ita ta fi yawa a Turai da Amurka. Ɗayar tana fitowa a sama ko tsakiya, ita ce ta fi yawa a gabashin Afirka, ita ce kuma tata. A shekarar 2020 mutum sama da 600,000 ne suka kamu da sankarar maƙoshi a duniya, sama da 540,000 suka rasu da ita. Kusancin lissafin nan biyu, makara ce ta kawo shi. Wani abin kuma, a yawancin ƙasashe maza ta fi kamawa, amma a Sudan mata ba su da sauƙi ko kaɗan. A layin jira na gani da idona, lafaya ta fi jallabiya yawa.

Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo ta, ita kuwa ko kusa da su ba ta taɓa zuwa ba. Sai dai akwai wasu abubuwan da ake zargi: hayaƙin itace da mace ke shaƙa shekara da shekaru a bakin murhu, ƙarancin 'ya'yan itatuwa da ganye a abinci, da shan abu da tsananin zafi. A 2016 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan cuta. Duk wanda ya san Sudan ya san yadda muke kurɓar jabana, wato gahawa, daga wuta zuwa baki, da shayin madara na safe yana tiriri, har mu raina wa mai shayi in ya ɗan huce. Ba ina cewa shayi ne ya kwantar mini da mata ba. Amma a gidana yanzu ana zuba shayi a bar shi ya sha iska, kuma ban ga ɗanɗanonsa ya ragu ba. Masu cusa tumbak, wato garin taba, a leɓe kuwa, su ma ina musu nasiha in sun zauna a bencina, suna dariya.

Tun kafin mu san inda za mu dosa, masu magani suka cika gida. Tunda abinci ne ke tsayawa, ai magana ta ƙare, sammu ne, an ba ta a abinci. Ba ta da kishiya, sai aka fara laluben facala da maƙwabciya. Wani dattijo ya ce beli ne ya yi tsawo, a kira wanzami ya yanke. Wani ya ce a yi mata lalas a ƙirji da ƙarfe mai zafi. Wani ya zo da galan na fitsarin raƙumi da nononsa, ya ce an gwada an gani. Rubutu ta sha, muddin ruwa na wucewa, sauka an yi mata a masallacin unguwa, kuma na ji daɗin wannan har zuciyata. Amma aska da ƙarfe da galan, na ce a'a, har wasu suka daina gaishe ni. Kowane mako da aka ɓata wajen gwaje-gwajen nan, hanyar abincin ƙara tsukewa take yi.

Aka tura mu Wad Madani, cibiyar sankara ta ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Jazira, tafiyar sama da kilomita 200 ta hanyar Faw. A lokacin duk marasa lafiyar Khartum can suka kwarara, mutane a ƙarƙashin bishiyoyi, kowa da jakar takardunsa. Ma'aikatan wurin, waɗanda da yawansu su ma sun baro gidajensu ne, Allah kaɗai zai biya su. Muka sauka gidan wani ɗan'uwan mahaifiyata. Hoton ƙirji da ciki ya nuna cutar ba ta kai hanta ko huhu ba. Aka yanke shawarar haɗa mata magani biyu lokaci guda: gashi da na'urar haske kwana biyar a mako, na tsawon mako biyar zuwa shida, da kimawi, maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sa wa a ƙarin ruwa. Aka yi mata alamomi da alƙalami a ƙirji, aka ce kada sabulu ya goge su, domin da su na'urar ke saita wurin.

Amma kafin a fara, likita ya ce jikin nan ba zai ɗauki magani ba sai an ciyar da shi, a sa mata roba ta fatar ciki a riƙa zuba abinci kai tsaye. Nan ta kafe. Ta ce gara ta koma ga Allah da cikinta a rufe yadda ya halicce shi. Na yi lallashi, na yi wa'azi, ban ci nasara ba. Wata mata ce daga Kasala, da ke zaune kusa da ita a benci, ta ja hannunta zuwa bayan labule, ta ɗaga lafayarta ta nuna mata tata robar, ta ce da ita take salla, da ita take zuwa kasuwa. Abin da miji da likita suka kasa, matar nan ta gama shi kafin a kira suna na gaba.

A nan nake so in daɗe, Malam Edita, domin jinyar wannan ciwo kusan dukanta a madafa take. Yunwa tana iya kayar da mai shi kafin cutar ta kayar da shi, kuma in ya rame da yawa likitoci kan dakatar da magani. Gwangwanayen abincin marasa lafiya na kantin magani sun fi ƙarfin aljihuna, ga shi yaƙi ya sa sun yi wuya. Sai na koma ga abin da iyayenmu suka sani. Kunun gyaɗa shi ne ginshiƙi, a dama shi da madara maimakon ruwa zalla. A ciki nakan sa dafaffen ƙwai, da cokalin man riɗi, da dabinon da aka jiƙa ya yi laushi. Wani lokacin adas, wato wani ɗan ƙaramin wake, wani lokacin kaza da aka dafa har ta rabu da ƙashi, da kabewa ko dankali. A markaɗe a inji in akwai wuta, in babu a kirɓa a turmi, sannan a tace da rariya mai laushi, a sake tacewa da tsabtataccen ƙyalle, domin ƙwayar gyaɗa ɗaya tana iya toshe robar. Sai ya huce, in ɗiga a bayan hannuna in ji ɗumi ne kawai. Ta zauna a miƙe da matashi a bayanta, in zuƙa da babban sirinji in tura a hankali, ba gaggawa, in ba haka ba ciki ya murɗa ko amai ya taso. Ruwa kafin abinci, ruwa bayansa, don wanke robar. Ba za ta kwanta ba sai an jima. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, daga asuba har bayan isha. Ruwan kuwa sai an tafasa shi, ballantana da kwalara ta ɓulla a Gadarif a watan Satumba na shekarar.

Ni da na yi shekaru ina yanka nama ina barbaɗa yaji, na ɗauka na san abinci. Ashe auna kunu da sirinji wani karatu ne daban. Akwai daren da robar ta toshe, ba wuta, 'yata na haska mini da fitilar waya, ina tura ruwan ɗumi ina ja, ina turawa ina ja, gumi na ɗiga daga haɓata, ita mai ciwon ce ke ce mini, "Malam, a hankali, ba guduwa zan yi ba." Da ya buɗe, dariya muka yi mu uku kamar an yi mana bushara.

Wajen mako na uku na gashin, maƙoshin ya ƙone ta ciki, kamar yadda aka riga aka faɗa mana. Ko yawu ba ya haɗiyuwa. Ta kwana da gwangwani a gefenta tana tofarwa, kanta a ɗage kan matasai don kada ya sarƙe ta. Duk da haka likita ya ce ta riƙa kurɓar ruwa ko madara ta baki gwargwadon iko, kada maƙogwaro ya manta aikinsa, sai dai in ta ga tari na taso mata duk lokacin da ta kurɓa, to a tsaya a sanar da shi, domin yana iya zama ruwan huhu yake shiga. Yaji, lemon tsami, duk wani abu mai zafi, an ɗage su. Kimawi kuma ya sa hancinta ya tsani ƙamshin da ta fi so. Turaren wuta ya bar ɗakin. Bayan mun dawo gida na koma bakin tukuba, warin hayaƙi da kitse a jikin rigata yana sa ta amai, sai na yi wanka na sauya kaya a zaure kafin in shiga wurinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin cin abinci. Yara suka fara ɗaukar faranti suna ɓuya a bayan gida, suna ci shiru kamar masu sata. Ita ta hana. Ta ce, "Ku dawo ku ci a gabana. Maƙogwarona ne ya toshe, ba idona ba." Daga ranar ake shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta. Takan ce a ɗiga mata miyar kuka a harshe, ta juya ta a baki ta tofar, sannan ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ni ma tun daga lokacin na rage cin abinci a waje da maza.

Wani abu da ya kamata duk mai jinyar mai shan kimawi ya riƙe shi ne zazzaɓi. Mu nan, da damina, duk zafin jiki maleriya ce, a sayi magani a kanti a sha. Amma kimawi yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, ƙaramin ciwo yana iya tafiya da mutum a kwana ɗaya. An ce mana in ma'auni ya nuna 38, ko tsakar dare ne, asibiti. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, ya kamata ya kwana kusa da matashin mai ciwon. Haka maganin kashe raɗaɗi. Da aka rubuta mata mofin, wasu dangi suka ce ai wannan na masu jiran mutuwa ne, wasu suka ce zai zame mata jaraba. Ta sha yadda likita ya tsara, ta samu barci, da raɗaɗin ya lafa aka rage shi a hankali har aka daina.

Mun gama gashin mun dawo Gadarif ba da daɗewa ba Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, a watan Disamba na 2023. Waɗanda muka bari a tsakiyar magani suka watse, masu hali suka nufi Marawi can arewa ko Masar, marasa hali suka cika makarantun Gadarif da ciwonsu a jiki. Ban san inda matar Kasala take ba har yau, ina dai sa ta a addu'a. Abin da ya cece mu shi ne jakar leda da nake tara kowace takarda a ciki, da hotunansu a waya: sakamakon gwaji, sunan magani, adadin gashin da aka yi. Duk likitan da muka samu bayan nan, da jakar nan ya san inda aka tsaya. A watan Fabrairun 2024 kuma layukan waya suka ɗauke, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya tsaya, kuɗin da ƙanena ke turowa daga Jidda ya maƙale. Adashin matan unguwa ne ya sayi madara a kwanakin nan. Sun ba ta kwasar da ba tata ba, ba tare da na roƙa ba.

Yanzu ga maganar da wataƙila ba za ta yi wa wasu maza daɗi ba. Tun ranar da aka ji sunan ciwon, shawara iri biyu nake samu daga abokai. Ta farko, in mayar da ita Mai Wurno wurin mahaifiyarta, wai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Inna kuwa tsohuwa ce mai neman wanda zai ɗebo mata ruwan alwala. Ta biyu, in ƙara aure, wai don amarya ta taya ni jinya. Ban haramta abin da Allah ya halatta ba, amma a gaya mini gaskiya, wace yarinya ce za a ɗauko da lalle a ƙafa a miƙa mata gwangwanin yawu? Kuma ita mai ciwon, da me za ta ji, da maƙogwaro ko da guɗa? A cibiyar nan na ga mata bila adadin suna jinyar mazajensu, suna kwana a kan siminti. Mazan da ke jinyar matansu kuwa, da yatsun hannu za ka ƙirga mu, har mun san juna. Sau da yawa mace 'yarta ce ko ƙanwarta ke tare da ita, maigida sai dai a waya. Alhali Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yana da ladan wanda ya halarta da rabonsa na ganima. In jinyar mata ta tsaya a matsayin Badar, ban ga dalilin da zai sa a mayar da ita abin kunya a majalisa ba.

Ba zan ce abin da sauƙi ba. Akwai ranakun da na haɗa kunu da wahala ta ce ba ta so, raina ya ɓaci, na fita na zauna a masallaci har ya huce. Akwai ranakun da ita ke fushi da ni ba dalili, daga baya na gane ba da ni take ba. Mace ce mai son tsabta da kwalliya, ga ta da roba a ciki da gashi yana zubewa a mataji. Sai da ta daɗe kafin ta yarda in riƙa wanke mata bakin robar da kaina. Mai jinya ma yana bukatar barci da wanda zai tambaye shi ya jikinsa. Ni wani maƙwabcina ne, mai sayar da gawayi, ya riƙe mini tukuba shi da yarona duk tsawon zamanmu a Madani, yana kawo wa yara cinikin kowane dare. Bai taɓa zuwa dubiya da dogon jawabi ba.

Masu dubiya kuwa, Allah ya ba ku lada, amma a rage zama. Kada a shigo da kwanon tuwo da nama a ce, "Daure ki ci ko loma ɗaya ce." Ba ƙi take yi ba, hanya ce babu, kuma kalmar nan tana sa ta kuka bayan kun tafi. Kada a ba ta labarin wane da ya yi irin ciwon bai kai sallah ba. Mai mura ya yi gaisuwarsa daga ƙofa. Wanda ke son taimako ya kawo madara, ko ƙwai, ko gawayi, ko kuɗin mota, ko ya ba da jini in an nema, ko ya ce wa mai jinya je ka kwanta, yau ni zan zauna.

Halin da ake ciki yanzu, alhamdu lillahi. Ƙarin ya motse, sai dai gashin ya bar tabo da ya tsuke wurin, don haka lokaci-lokaci ana sake zura minzar a buɗa hanyar. An cire robar. Tana cin tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka, tana taunawa sosai, nama sai an daka. Likita bai ce mana ta warke ba, ya ce a ci gaba da zuwa ana dubawa, kuma da zarar loma ta sake tsayawa ko rama ta dawo, kada a jira ranar da aka rubuta. Ya kuma hana ta azumi, ta ji ciwon hakan ƙwarai, sai da limaminmu ya zo da kansa ya karanta mata ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame, muna ciyarwa a madadinta. Sojoji sun karɓe Madani a watan Janairun 2025, amma har yanzu a nan Gadarif muke ganin likita.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku samo likitan da ya san wannan cuta ya yi bayaninta da Hausa a shafinku, yadda za a iya karanta wa tsohuwa ta gane. Ya faɗa da babbar murya cewa duk wanda loma ke tsaya masa a ƙirji har mako biyu ko uku, musamman in ya haura shekara 40 ko yana ramewa, ya nemi a leƙa maƙoshinsa da na'ura, kada ya tsaya kan maganin gyambon ciki. Ya kuma faɗi garuruwan da ake yin wannan gwaji a Najeriya da Nijar, domin na san masu karanta ku sun fi yawa a can. In kuma cikin masu karatu akwai wanda ya yi jinyar irin wannan ciwo, ya rubuto muku abin da yake dafawa, ku buga. Uwargida ta gaji da kunun gyaɗa, ni kuma dabarata ta kusa ƙarewa.

Wassalam.

Naku,
Mai agashe, Gadarif, Sudan